Ƙahon Wanzami da Allurar Sin

Idan ka shiga babbar kasuwar Katsina yau ka tambayi kayan hijama, kwali za a miƙo maka. A ciki akwai kofunan roba manya da ƙanana da ɗan famfon hannu na zuƙe iska, a bayan kwalin kuma rubutun ƙasar Sin. Samari masu karatu ne suka fi saye. Sukan kama ɗaki, su sa safar hannu, su yi talla a Facebook da WhatsApp, kuma da yawansu suna aikin da tsafta, Allah ya yi wa sana'arsu albarka. Abin da ke damuna shi ne yadda wasunsu ke magana kamar jiya aka kawo wannan aiki garin nan, alhali an yi ƙarnuka ana yin sa a zaurukan Gambarawa da Rafindadi da Yarinci, da ƙahon saniya, a hannun wanzamai.

Wanzanci gado ne, kuma a da kowane gida yana da wanzaminsa kamar yadda yake da limamin unguwarsa. Shi ke aske kan jariri ranar suna, shi ke yin tsagar gado, shi ke yi wa yara kaciya idan hunturu ya shigo, shi ake kira idan maruru ya nuna ana son a yi masa sakiya. Yana da rabonsa a naman ragon suna, yana da daminsa idan kaka ta yi. A fada akwai sarautar Sarkin Aska, kuma ba ƙaramin aminci ba ne a ce mutum ɗaya ne aka yarda ya ɗora wuƙa a kan sarki. Duk wannan aiki a cikin zabira ɗaya yake: asake, 'yar tsaga, almakashi, hantsaki, fatar wasa aska, ƙahoni, da ƙullin garin magani na tsayar da jini.

Na taso ina ganin wanzamin gidanmu yana yi wa mahaifina ƙaho a zaure, galibi idan bazara ta matso. Mahaifina ba ya kiran sa da sunansa. Yakan ce, "Sarkin Aska, kafaɗar nan ta hana ni barci." Shi kuma ya ce, "Malam, jini ne ya taru. Juya mini baya." Sai ya jiƙa wurin da ruwa, ya kifa bakin ƙahon a kan fata, ya kama tsininsa da leɓe ya zuƙa har kumatunsa su lotsa, sannan ya tura ɗan kakin zuma da harshe ya toshe hudar ba tare da ya saki iska ba. Ƙahon ya tsaya da kansa. Bayan ɗan lokaci ya ɓalle shi, fatar ta tashi ta yi jawur, ya ɗauki 'yar tsaga ya yi mata ƙananan yanka da sauri, kusan ba ka ganin motsin hannun, ya mayar da ƙahon ya sake zuƙa. Jinin da ke fitowa baƙi ne, a dunƙule. Yakan juye shi cikin kasko mai yashi, ya nuna wa mahaifina, ya ce ga mataccen jinin nan. Likita zai ce jini ne kawai da ya daskare don ya bar jijiya, kuma gaskiyarsa. Amma mahaifina yakan yi barci a daren, wannan ma na gani.

Addini ya ba aikin daraja. Ya tabbata cewa an yi wa Manzon Allah (SAW) ƙaho, wani mai suna Abu Ɗaiba ya yi masa, kuma ya biya shi ladansa. Shi ya sa dattawa ke lissafin wata, suna kirdadon ranar 17 ko 19 ko 21.

Abin da bai shahara a wajenmu ba shi ne mutanen Sin ma da ƙahon dabba suka fara. A 1973 masu tonon kayan tarihi suka buɗe wani kabari a Mawangdui, a birnin Changsha, wanda aka rufe shekara 168 kafin haihuwar Annabi Isa (AS). Cikin rubuce-rubucen siliki da aka samu akwai wani kundin magungunan cututtuka 52, kuma ya yi bayanin yadda ake kifa ƙaramin ƙaho a kan basir. Tunaninsu game da jiki bai yi nisa da na kakanninmu ba. Su suna cewa akwai wani ƙarfin rai da ke gudana ta hanyoyi a cikin jiki, idan ya toshe sai ciwo ya zo, don haka ake tsira siririyar allura a wani gurbi a buɗe masa hanya, ko a ƙona busasshen ganye a kusa da fata. Mu muna maganar jinin da ya taru, da sanyin da ya shiga ƙashi, da zafin da ya yi yawa, muna tsaga gefen goshi a shafa magani idan ciwon kai ya ƙi tafiya. Dukanmu mun raba abinci da itatuwa zuwa masu zafi da masu sanyi. Hanya ɗaya aka kamo. Inda aka rabu shi ne wajen alƙalami.

Tun kafin haihuwar Annabi Isa (AS) aka tattara littafin da ake kira Huangdi Neijing, wanda har yau shi ne tushen karatun allura. A 1027 wani likitan fada mai suna Wang Weiyi ya sa aka zuba mutum-mutumin tagulla mai tsawon mutum, aka huda gurabun allura a jikinsa, kowanne da sunansa. An ruwaito cewa ranar jarrabawa akan shafe shi da kaki a cika cikinsa da ruwa, ɗalibi ya soka allura: idan ruwa ya ɗigo ya ci, idan bai ɗigo ba ya koma karatu. Sai kuma Li Shizhen, wanda ya shafe shekara 27 yana bin duwatsu da kasuwanni, yana tambayar manoma da masunta da maharba, yana gyara kurakuran littattafan da suka gabace shi. Ya kammala kundinsa a 1578 da bayanin magunguna 1,892, aka buga shi a 1596, shekara 3 bayan rasuwarsa.

A daidai wannan lokaci Katsina ba garin jahilai ba ce, ko kusa. Wajen 1595 aka haifi Wali Ɗan Masani. Shekara ɗari kafin nan Al-Maghili ya sauka a garin, Jalaluddin Suyuɗi kuma ya aiko wa Sarkin Katsina Ibrahim wasiƙa daga Misra. Hasumiyar Gobarau tana tsaye, ɗalibai na zuwa daga nesa. Wali Ɗan Marna ya yi zamaninsa, daga baya Muhammadu Alkashinawi ya tafi da ilimin lissafi da hatimai har Alƙahira, inda ya rasu a 1741. Malamai sun karanta ɗibbu, sun kwafi littattafai irin Kitabur Rahma da ake jingina wa Suyuɗi. Sai dai waɗannan littattafai itatuwan Misra da Hijaz da Yaman suke faɗa. Marke da sabara da maɗaci da rawaya, waɗanda ke bayan ganuwa daga Ƙofar Guga zuwa Ƙofar Durɓi, iliminsu yana bakin wanzami da ɗan magori da 'yar mai ganye da maharbi. Malami yana da tawada, su suna da saiwa, kuma ba kasafai suke zama a tabarma ɗaya don a rubuta ba. Malami yana ganin sana'ar jini da sassaƙe ba ta kai matsayinsa ba. Mai magani kuma asirinsa shi ne abincinsa, ba ya faɗa sai ga ɗa ɗaya, shi ma sai tsufa ya kama shi sosai. Idan ajali ya riga wannan rana, shi ke nan, an binne mutum da kundinsa.

Wanda ya fi kowa ƙoƙarin haɗa biyun a ƙasar Hausa shi ne Sarkin Musulmi Muhammadu Bello, wanda ya rasu a 1837. Ya yi rubutu a kan ciwon ido, da basir, da amfanin filasko wajen wanke ciki. Da wani Bature matafiyi mai suna Clapperton ya je masa Sakkwato a 1824, cikin abubuwan da ya nema har da a turo masa likita daga Ingila. Haka nan da wani Baturen matafiyi, Barth, ya sauka Katsina a farkon 1851, Sarkin Katsina na lokacin, shi ma Muhammadu Bello, ya nemi ya ba shi magunguna daga akwatinsa. Ina kawo wannan ne saboda masu cewa kakanninmu sun ƙi maganin baƙo. Ba su ƙi ba. Duk inda suka ji labarin magani nema suke yi, da na Larabawa ta Agadas, da kanumfari da citta da jar kanwa a kayan fatake. Ko bedin nan da ya cika titunan Katsina, wanda ake dafa ganyensa a yi surace idan zazzaɓi ya kama mutum, baƙo ne daga Indiya, a zamanin Turawa aka kawo shi.

Kundin sunayen itatuwanmu na farko da aka buga, baƙo ne ya tara shi. Sunansa Dalziel, likita ne Bature, kuma kafin ya zo Afirka ta Yamma a 1905 ya yi shekaru yana aikin likita a kudancin Sin. A 1916 ya fitar da littafin sunayen tsirrai da Hausa, a 1937 kuma babban kundinsa na itatuwa masu amfani na Afirka ta Yamma. Har yau sunan da masana kimiyya ke kiran itacen hano da shi yana ɗauke da sunansa. Ina girmama aikinsa, duk ɗalibin da ke binciken tsirrai a jami'o'inmu ta kansa yake bi. Amma mutanen da suka nuna masa wane sassaƙe ake jiƙawa, wane ake dafawa, ba wanda ya san sunansu.

Kada a ɗauka maganin Sin ya yi ta tafiya sumul. A 1822 sarkin Sin ya hana koyar da allura a makarantar likitocin fada, don ana ganin bai dace a tuɓe sarki a soka masa ƙarfe ba. A 1929 wani kwamitin lafiya na gwamnati a Nanjing ya amince da shawarar a soke maganin gargajiya ɗungurungum. Masu maganin suka taru a Shanghai ranar 17 ga Maris na shekarar, suka yi tsayin daka har aka janye. Bayan 1949 sabuwar gwamnati ta ga ba ta da likitocin zamani da za su ishi ɗaruruwan miliyoyin mutane, sai ta rungumi na gargajiya, ta buɗe masa kwalejoji a Beijing da Shanghai da Guangzhou da Chengdu a 1956, ta tsara manhaja, ta zubar da abin da ta ga dama, ta riƙe abin da ta ga dama. Duniya ta waiwayo a 1971, da wani ɗan jaridar Amurka, James Reston, ya rubuta yadda aka yi masa allura don rage ciwo bayan an yi masa tiyata a Beijing. 

A nan ba a yi ko ɗaya ba. Turawa ba su hana wanzanci ba, ba su kuma bincike shi ba. Suka gina asibiti, En'e ta buɗe ɗakunan shan magani a gundumomi, Kwalejin Katsina da aka buɗe a 1922 zamanin Sarki Muhammadu Dikko ta yaye malamai da ma'aikata, wanzami kuma ya ci gaba da yawo da zabirarsa kamar ba a san da shi ba. Jama'a suka raba ƙafa: da safe asibiti, da yamma jiƙo. Masu binciken da suka zauna a ƙauyukan Malumfashi, Murray Last da Lewis Wall wanda littafinsa kan maganin Hausawa ya fito a 1988, haka suka tarar.

Amfanin rubutawa ya fito fili a zazzaɓin cizon sauro, cutar da babu gida a Katsina da bai san ta ba. Ranar 23 ga Mayu, 1967, gwamnatin Sin ta kafa wani shiri na sirri don neman sabon magani, saboda zazzaɓin yana kashe sojoji a yaƙin Biyetnam kuma kulorokwin ya daina ci. A 1969 aka ba wata mai ilimin haɗa magunguna, Tu Youyou, jagorancin wani rukuni. Suka tara girke-girken gargajiya sama da 2,000 daga tsofaffin littattafai da bakin masu magani. Wani tsiro da suke kira qinghao wani lokaci ya yi aiki, wani lokaci ya ƙi. Ta koma littafin Ge Hong, wanda ya rayu a ƙarni na 4, ta ga shi jiƙa ganyen yake cewa a yi a matse ruwan, bai ce a dafa ba. Sai ta gane wuta ce ke kashe ƙarfin maganin. Ta sauya hanyar tacewa zuwa mara zafi, a 1971 ya kashe ƙwayar cutar a jikin ɓeraye da birai, ta gwada a jikinta kafin a ba marasa lafiya, a 1972 aka ware sinadarin atemisinin. A 2015 aka ba ta kyautar Nobel. Tun 2005 magungunan da aka haɗa da wannan sinadari, irin su Coartem, su ne na farko da Najeriya ta tsayar don zazzaɓin cizon sauro. Duk uwar da ta sayi 'yan ƙwayoyin nan rawaya a kemis ta ba ɗanta, tana cin moriyar wata jimla da wani tsoho ya rubuta shekara fiye da 1,600 da suka wuce.

Tsiron nan dangi ɗaya ne da tazargade, wanda iyayenmu mata ke saye a wajen masu kayan ƙamshi, suna turara shi, suna jiƙa wa yara. Dangantaka ba ta mai da su abu ɗaya ba, kuma Hukumar Lafiya ta Duniya ta yi gargaɗi kada a bar ƙwaya a koma shan shayin ganyen, don ƙarfinsa ba ya daidaita, yana iya koya wa cutar jure magani. Abin da nake so a lura da shi daban ne. Cikin girke-girke sama da 2,000, ɗaya ne ya kai ga wannan matsayi. Gargajiya ta nuna inda za a duba, gwaji ya tace. Ita kanta allurar da Sin ta fi alfahari da ita, manyan gwaje-gwaje sun nuna tana rage ciwon baya da na gwiwa da ciwon kai gwargwado, amma bambancinta da allurar da aka tsira a gurbin da ba na littafi ba kaɗan ne, kuma hanyoyin nan da aka zana a jikin tagulla ba likitan fiɗa da ya taɓa ganin su.

Shi ya sa ba na cikin masu cewa duk abin da ke cikin zabira alheri ne. Cire belu ya sa jarirai da yawa zubar jini da ruɓewar maƙogwaro, a kan tsokar da ba ta yi wa kowa laifi ba. Aska ɗaya a kan mutum goma hanya ce ta ciwon hanta da ƙanjamau. Likitoci a Zariya tun shekarun 1970 suka nuna alaƙar ciwon zuciyar masu jego da yawan kunun kanwa da zafin wankan jego da kwanciya a gadon wuta. Yankan gishiri kuwa, a je Babbar Ruga a kan hanyar Batsari, tsohon asibitin kutare da ya zama cibiyar gyaran yoyon fitsari, inda likitan Holan Kees Waaldijk ya fara ɗinke mata a 1984. Yawancin matan doguwar naƙuda ce ta kai su, amma akwai waɗanda aska ce ta yi musu. Na taɓa raka wata 'yar'uwarmu can, na ga yarinyar da ba ta kai shekarun da za a ɗora mata tulu ba tana zaune a kan leda. Duk mai son gadon wanzanci ya wanzu, shi ya kamata ya fara cewa a daina wannan.

Maganin Sin ma yana da nasa. A farkon shekarun 1990 mata kusan 100 a Beljiyam ƙodarsu ta lalace saboda wani ganyen Sin da aka zuba a maganin rage ƙiba. Akwai kuma ɓarnar da ta iso har ƙofar gidanmu. Ana dafa fatar jaki a Sin a fitar da wani danƙo da ake sha don ƙarin jini, ana kiran sa ejiao. Da jakunansu suka yi ƙasa, sai 'yan kasuwa suka juyo Afirka. Daga kasuwanni irin Mai'aduwa da Maigatari aka riƙa loda jakuna a manyan motoci zuwa mayanka a kudu, kuɗin jaki ya fi ƙarfin mai ɗibar yashi da mai kai taki gona. Nijar ta hana fitar da su a 2016, Tarayyar Afirka kuma ta haramta yanka jaki don fata a Fabrairun 2024. Mu da muka taso da jakuna suna shigowa ta Ƙofar Marusa da itace da kara tun da asuba, mun san yadda suka yi ƙaranci.

Yau wanda ya fi ɗaga murya a harkar maganin gargajiya shi ne mai mota da lasifika a tasha, yana sayar da gora ɗaya da ke maganin basir da sanyi da taifot da rashin haihuwa gaba ɗaya. Magori dama an san shi da wasa kansa da kansa, amma na da yana da garin da ake samun sa idan magani ya yi ɓarna. Hukumar NAFDAC, wadda aka kafa a 1993, tana ba wasu lamba, sai dai lambar farko shaidar cewa abin ba guba ba ne, ba shaidar yana warkarwa ba. Tsofaffin masu ganye kuma kukansu ɗaya ne, saiwa da sassaƙe sun yi nisa. Masu gawayi sun cinye marke da ƙirya, rashin tsaro ya rufe Dajin Rugu inda ake samo da yawa daga cikinsu.

Muna da Jami'ar Umaru Musa 'Yar'adua, muna da asibitin koyarwa na tarayya, ga tsohon ginin Kwalejin Katsina ya zama gidan tarihi. Abin da nake roƙo a tura ɗalibai su zauna da dattawan wanzamai da masu ganye da suka rage, a rubuta da Hausa, a sa sunan mai ilimin a kan iliminsa, a yi yarjejeniyar rabonsa idan wani abu ya fito. A rubuta sunan itace, da sashen da ake ɗiba, da lokacin ɗiba, da ko jiƙawa ake ko dafawa, da awo. Fiye da komai a rubuta wanda ba a ba shi maganin, domin wannan sashe ne mai lasifika ba ya da shi, kuma shi ne ya fi wuyar samu. Goggona ta taɓa matsa wa wanzamin gidanmu ya yi mata ƙaho saboda jiri. Ya ja fatar idonta ƙasa da yatsa, ya duba tafin hannunta, ya mayar da ƙahonsa cikin zabira. Ya ce, "Hajiya, ke ƙari kike buƙata, ba ragi ba. A kai ki asibiti a auna jinin, a riƙa ba ki hanta da zogale." Haka yake ƙin yi wa mai ciki, da wanda ya tashi daga doguwar jinya, da wanda jininsa ba ya saurin tsayawa idan ya yanke. Ya rasu, 'ya'yansa kuma ɗaya direba ne, ɗaya yana da shagon aski da injin lantarki a Ƙofar Ƙaura.